Wa ke sayen balo? Daga gayya zuwa asusu

Ƴan'uwana ɗalibai, kowace shekara da an ba da babban hutu sai unguwannin Dakoro su cika da ekip-ekip na ƙwallo. Kowace fada ta raɗa wa kanta suna, a shiga TGV, gasar nan ta babban hutu, a yi wata biyu ana tada ƙura. Kafin ƙarshen Oktoba da yawansu sun watse. Balo ya fashe, kowa ya tafi gida da mayon da anka ba shi, wanda anka ba ajiyar kuɗi ya tafi biɗa. Baɗi kuma a sake ɗaukar takarda ana bin shaguna ana neman taimako, kamar ba a taɓa yi ba. Abin da ke samun ekip shi ke samun ƙananan ƙungiyoyinmu na tsabtar unguwa, na wasan kwaikwayo, har da na marubuta irin wagga tamu.

Mun saba cewa talauci ne. Talauci na nan, ba mai musu. Amma kakanninmu ba su fi mu kuɗi ba, kuma sun yi ƙarnuka suna shirya kokawa suna ciyar da baƙi. Shi ya sa na zauna da dattawan da sunka ga zamanin samariya, na haɗa da abin da na karanta, don in bi hanyoyin da samarin ƙasar nan sunka bi wajen samun abin tafiyar da ƙungiya. Kowace hanya na yi mata tambaya uku. Wa ke bayarwa? Mi yake so a mayar masa? In ya janye hannu, mi ya rage?

Zamanin gayya da kari

Tun kafin zuwan Nasara, garuruwan Hausa na da sarkin samari. Shi ke kiran gayya, shi ke tsara wasa a dandali, shi ke tarbar samarin wani gari in sun zo. Garin Dakoro kansa yaro ne a tarihi, don a shekarun 1940 ne Faransawa sunka mai da shi wurin zaman hukuma. Amma mutanen da sunka cika shi, da na ƙauyukan Kornaka da Birnin Lalle, da al'adarsu sunka zo.

A wancan tsari ba a cika taɓa kuɗi ba. Jarin samari ƙarfinsu ne. Mai gona ya kira gayya, a yi masa noma rana guda da kiɗa, shi kuma ya yi fura da tuwo, in mai hali ne ya yanka akuya. Da kaka, in an ɗaure damma an cika rumbu, sai a buga gangar kokawa. Ƴan kokawar da sunka zo daga wani gari ba su biyan masauki, ana rarraba su gida-gida. Wanda ya yi kaye kuma sai ƴan kallo su yi masa kari: wani goro, wani zane, wani ƴan kuɗi, makaɗi na faɗin sunan mai bayarwa kowa na ji.

Ku lura da lokacin. Ana wasa ne sa'ad da gari ke da abinci. Ku lura kuma da cewa komi a fili ake yinsa. Abin da anka bayar an bayar gaban jama'a, ba wanda zai ce bai gani ba. Rauninsa guda: ba ya ajiya. Shekarar da damina ta ƙi, ba gayya ba kokawa. Kuma gayya ba ta sayen abin da sai da kuɗi, irin balo da takalma da kuɗin mota zuwa Maraɗi.

Samariyar Kunce

A shekarun 1950 jam'iyyun Sawaba da RDA duk sun gane amfanin samari, kowa na jan su gefensa. Amma wanda ya mai da samariya abin gomnati sosai shi ne Seyni Kunce, bayan ya kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin yunwar babban fari. Ya hana jam'iyyu, kuma yana buƙatar hanyar da zai kai ga talakawa. Sai anka tada samariya a kowane ƙauye da kowace unguwa, daga baya ta zama ɗaya daga ginshiƙai biyu na tsarin da ya kira al'ummar ci gaba, ɗayan kuwa ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma.

Duk dattijon da na tambaya, da ya fara ba da labarin sai fuskarsa ta saki. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share tituna, ta dasa itatuwa, ta yi gonar haɗaka. Ana bikin matasa na ƙasa, jaha-jaha na karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1975 anka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, kuma ɗan jaharmu ne ya ci, Yakuba Kantu, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa yau. Tun daga ƙauye ake tace ƴan wasa har zuwa jaha. Mota ta hukuma, abinci na hukuma, masauki na hukuma. Lokacin kuɗin yuraniyom na shigowa.

To amma in ka ci gaba da tambaya, sai wani labarin ya fito. Aikin samariya ba kullum ne na ganin dama ba. In babban baƙo zai zo, dole a fito a jeru a rana. Shugabannin samari kuma da yardar hukuma suke zama. Abin da gomnati ke so a mayar mata shi ne biyayya, kuma ta samu.

Sai farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, yunwar 1984 ta biyo baya, wadda iyayenmu ke kira El Buhari. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. A 1989 Ali Saibu ya kafa jam'iyyar MNSD bisa wannan tsari, samariya ta zama kamar reshen jam'iyya. Da anka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, anka shiga zamanin jam'iyyu da yawa, samariya ta bi tsohon mulki ta kwanta. Gine-gine sun rage, kokawar takobi ta rage don gomnati ba ta sake ta ba. Amma samariyar unguwa ba ta bar wa kowa asusu ba, don tun farko ba daga aljihun ƴaƴanta take ci ba.

Alhazai da ƴan siyasa

Wurin da samariya ta bari, fada ta cika shi. A shekarun 1990 ne fadodi sunka bazu a biranen Nijar: samari marasa aiki, tabarma, butar shayi, rediyo. Daga fada ekip ke fitowa. Kuma daidai lokacin ne, a Janairu 1994, anka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada, gomnati na fama da biyan albashi, balle ta sayi balo.

Sai samari sunka koma ga hanyar da ta fi kusa, wato mai kuɗin unguwa. Jahar Maraɗi ƙasar alhazai ce, kuma kyauta a bainar jama'a tsohuwar hanyar neman suna ce a wurinmu. Alhaji ya sayi mayo, a sa masa suna uban ƙungiya, ranar wasan ƙarshe a ba shi kujerar gaba. Wannan ɗan'uwan kari ne, sai dai a da gari duka ke yi, yanzu mutum guda.

Ba na raina wagga hanya. Ita ta fi kowace sauri. Abin da za ku yi wata shida kuna tarawa, alhaji na iya fidda shi daga aljihu kafin shayi ya dahu. Kuma da yawansu don Allah suke yi. Amma ekip ɗin da ke tsaye da ƙafar mutum guda, ranar da kasuwarsa ta girgiza ita ma ta girgiza. Mun gani da idonmu sa'ad da anka rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ƴan kasuwa na ta kansu, wa zai kai musu takardar balo?

Ɗan siyasa kuwa lissafinsa a fili yake. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, takara ta shigo har cikin unguwa, kofunan masu neman kujera sunka yawaita. Shekarar zaɓe sai ka ga mayo sababbi da launin jam'iyya, ana ba da kyauta mai tsoka. Shekara mai bi, ko wayarka ba a ɗauka. Abin da ya fi ciwo shi ne rabuwa. Na san ekip ɗin wata unguwa da ta tsage biyu, yaran da sunka tashi tare, don rabinsu sun karɓi mayon wani ɗan takara, rabi na wani. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran. Da anka dakatar da harkokin jam'iyyu bayan 26 ga Yuli 2023, wannan rijiya ma ta ƙafe dare ɗaya.

Akwai kuma ƴan'uwanmu na biɗa, waɗanda ke Libiya da Aljeriya da Legas da wuraren haƙar zinariya. Su kan aiko ta Nita ko Al Izza, kuma ba su neman komi sai hoton ekip a WhatsApp. Kuɗi ne mai tsabta. Matsalarsa ita ce da sunan mutum ɗaya ake aiko shi. In shi kaɗai ya san nawa anka aiko, zargi ya shiga kenan, ko da bai ci ko dala ba.

Zamanin furoje

Dokar da ke tsara ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, wadda anka gyara a 1991. Bayan babban taron ƙasa ƙungiyoyi sun yi ta fitowa kamar ciyawar farkon damina. A Dakoro mun san motocin furoje, musamman tun yunwar 2005. Wasu sun haɗa da matasa: a shirya gasa don faɗakarwa kan lafiya ko zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, a raba riguna da balo.

Furoje ya koya mana abubuwa masu amfani. Shi ya sa munka san rubuta tsarin aiki, da ajiye rasit, da cewa ƙungiyar da ba ta da takardar hukuma ba ta iya karɓar tallafi da sunanta. Sai dai furoje na da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma abin da zai kashe wa kuɗi an rubuta shi tun a wani ofis mai nisa. Ku kuna son gyaran fili, shi yana da kuɗin taron bita. Sai ku yi taron bita. Ya kuma bar mana wata cuta, ta kuɗin zama. Yau in ka kira taron ƙungiya, akwai wanda zai fara tambaya ko ana ba da wani abu. Jikan mai zuwa gayya kenan.

Akwatin iyayenmu mata

Abin mamaki, amsar da ta fi ƙarfi a wannan tarihi a jaharmu anka haife ta, kuma ba samari sunka samo ta ba. A 1991, shekarar da samariya ke faɗuwa, ƙungiyar CARE ta fara wani aiki da matan ƙauyukan Maraɗi, anka sa masa suna Mata Masu Dubara. An gina shi bisa adashen da mata sunka daɗe suna yi. Bambancinsa da adashe shi ne ba a kwashe kuɗin a ba mutum ɗaya. Ana tara su cikin akwati, mai buƙata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Ba a zuba musu jari daga waje ba, koyarwa kawai anka yi musu. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma duk wanda ya rubuta tarihinsa da Nijar yake farawa.

Ku je ku zauna gefe ranar da iyayenmu ke zubi, ku kalli yadda abin ke tafiya. Rana ɗaya ce a mako, ba ta canzawa. Ana kiran suna, kowace ta ajiye nata gaban kowa. Masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimilla kowa ya ji. Akwatin na da kwado fiye da ɗaya, makullan na hannun mata daban-daban, mai ajiyar akwati kuma ba ta riƙe makulli. Wadda ta makara akwai tara. Da yawansu ba su yi lakwal ba, amma ka tambayi kowace nawa ke cikin akwati, za ta faɗa maka.

Yanzu ku kwatanta da mu masu karatu. Ana karɓar kotizasiyon a tsaye, a bakin fili, wani ya ba da wani ya ce gobe. Kuɗin na aljihun kaftin ko na shugaba. Ba littafi. Ranar da anka tambayi lissafi sai a ce an raina mutum. Wallahi ekip nawa sunka mutu a kan wannan, ba a kan rashin kuɗi ba.

In mun sa su a ma'auni

Gayya ƙarfi take nema, kuma ba ta bin ka bashin komi, sai dai ba ta kawo tsabar kuɗi. Gomnati na iya yin abin da ba mai iyawa, kamar gina fili, amma in ta juya baya ba ka da ta cewa. Alhaji da ɗan siyasa suna da sauri, ba su da tabbas. Furoje na da tsari, ajandar tasa ce. Kuɗin ƙofa, irin na kermes ko daren wasan kwaikwayo, na aiki inda akwai katanga ko zana, kuma sau ɗaya ko biyu ne a shekara. A filin unguwa da ba shinge, wa za ka tsayar ka ce ya biya? Zubin mako shi ya fi kowanne ƙanƙanta da jinkiri. Shi kaɗai ne kuma, in ka yi masa tambaya ta uku, amsar ba ta ba da tsoro, don mai bayarwar ba ya tafiya ko'ina. Mu ne.

Mu yi lissafi. A ce ekip na da mutum 25, kowa na zuba dala ashirin, wato sefa 100, a mako. Jika biyu da rabi kenan kowane mako. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Yuni akwai mako kusan 39, kun tara sefa 97.500 kafin a buga wasan farko. Ba zai sai muku mota ba. Amma ekip ɗin da ta je wurin alhaji ko ma'aikatar magajin gari da littafinta, ta ce ga abin da munka tara, a cika mana, ba ɗaya take da mai zuwa hannu sake ba. Ta farko abokin aiki take nema. Kuma in an ce mata sai ta sa launin wani, tana da bakin cewa a'a.

Akwai wani abu da tarihin nan ya nuna mini wanda ya shafi Dakoro musamman. Garinmu na kan iyakar noma da kiwo, kusa da kwarin Tarka, kuma kuɗi na shigo mana ne da kaka da lokacin da dabbobi ke daraja. Kokawar kakanninmu da kaka take, sa'ad da hannu ke da abu. Ƙwallonmu kuwa kalandar lakwal yake bi. TGV na faɗowa a Yuli da Agusta, tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, kowane maigida na tunanin abin da za a ci kafin sabon gero. A wannan lokacin ne muke ɗaukar takarda muna bin mutane. In sun hana mu sai mu ce ba su son matasa. Lokacin roƙon ne bai dace ba.

Ke nan tarawa da kaka ya kamata a yi, kashewa da damina. Wanda ba ya da sefa 100 a Nuwamba yana iya kawo tiyar wake ko ta gero. A ajiye, a sayar sa'ad da farashi ya tashi, yadda bankunan cimaka na ƙauyukanmu ke yi. Ko a sayi ɗan rago a turke shi zuwa Layya, a raba aikin haki da ruwa tsakanin ƴan ekip. Wannan ma ya kauce wa maganar ƙarin da ake ɗorawa kan rance, wanda wasu malamai ba su yarda da shi ba. Gayya kanta ba ta mutu ba. Samari ashirin na iya karɓar noman gona ko yin bulo a biya su cikin akwati. Amma a sani, ciniki na da faɗuwa: wake na yin ƙwari, rago na ciwo, akwai shekarar da farashi ba ya tashi. Kada a zuba duka asusu wuri ɗaya.

Ban ce a daina zuwa wurin alhaji ba, ban ce a ƙi furoje ba, kuma gyaran fili haƙƙinmu ne a kan hukuma, mu ci gaba da nema. Abin da nake cewa shi ne a san wanne ne tuwo wanne ne miya. Shekara hamsin ke nan muna sauya wanda muke jira, daga gomnati zuwa jam'iyya zuwa furoje, kowane kuma ya zo ya wuce. Matan da sunka fara zuba ƴan dalolinsu a 1991, tsarinsu na nan yana aiki.

Saboda haka ga roƙona ga duk mai ekip ko ƙungiya da wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa. Kada ku jira Yuli. Makon da anka koma lakwal, ku kira taro. Ku sayi kaye ɗaya da akwati da kwado uku, ku zaɓi masu riƙe makulli waɗanda ba gida ɗaya suke ba, ku tsaida rana da abin da mafi ƙarancin hali a cikinku zai iya zubawa. In tsarin ya rikice muku, ba sai kun je Yamai neman gwani ba. Ku sami wata inna a unguwarku da ke cikin asusu, ku gaishe ta da ladabi, ku roƙe ta ta zo zamanku na farko ta nuna muku yadda ake ƙirga.